Kogin Sama da Randar Inna

Ku samarin yanzu kuna ba ni dariya. In aka ce muku Abdu Mai Balo ya yi aikin meteyo zamanin Nasara, sai ku taɓe baki ku ce wane aiki ne wannan, a hura balo, a sake shi, a ɗaga kai a yi kallo. Shekaranjiya har wani cikinku ya ce ko kakarsa za ta iya. To, bai yi ƙarya duka ba, don akwai wata tsohuwa a labarin nan, kuma ta fi ku iyawa. Amma kafin mu kai gare ta, ku gyara zama in gaya muku yadda ake riƙe abin da bai kai ƙwayar gero ba a tsakiyar sama, har awa guda, ido bai ƙifta ba.

Da jakuna na shiga aikin nan. Lokacin Nasara ba su daɗe da kafa bariki a Dakoro ba, ni kuwa ina da mata da jakuna biyu, ina ɗebo ruwa a rijiya ina kai wa gidajen ma'aikata. A kan tudun da ke gabas da gidan kumandan an share fili don jirgi ya sauka in ta kama, an gina wani ɗan ɗaki a gefe. Nan aka ajiye Mushe Bakari (Mushe wato Malam a bakin Nasara), wani Babambare dogo mai furfura, wanda aikinsa auna iska da ruwan sama, abin da suke kira meteyo. Wata safiya na sauke masa salka, na tarar ya duƙa kan madubinsa mai ƙafa uku yana ta faɗa da Bambaranci. Balon da ya saki ya ɓace masa. Na ɗaga kai na ce, “Mushe, ga shi can bisa kan aduwa, ya karkata yamma.” Ya dube ni kamar na zage shi. Ya juya madubin inda na nuna, ya duba, sannan ya ce da Hausarsa ta baƙo, “Kai, ido naka wa ya ba ka?” Na ce Allah. Ya ce gobe in bar jakuna a gida.

Aikin farko da ya ba ni ba kallo ba ne, haɗa iskar da ake hura balo ne. Ba da baki ake hura shi ba, in kun yi zaton haka. Akwai wata tukunyar ƙarfe mai kaurin gaske da ƙaramin baki. Ka zuba ruwa, ka zuba soda, ka zuba wani garin ƙarfe, ka ɗaure murfi tamau, ka girgiza. Cikin ɗan lokaci tukunyar ta yi zafin da ba a taɓawa, tana huci daga ciki. Iskar da ke fita daga nan ita ke ɗaga balo, kuma ba ta shiri da wuta ko kaɗan. Ko gardi ne, ɗan sandan kumandan, ya doso da taba a baki, Mushe Bakari yakan kore shi kamar kare. Sodar kuwa tana cin fata. Ku dubi bayan hannun nan nawa, waɗannan fararen tabo ba kuturta ba ce. In an gama, dole ka wanke tukunyar tun da ɗuminta, don in laka ta daskare ciki sai ka kwana biyu kana sassaƙa. Wata shida na yi a kan tukunyar nan kafin ya yarda in taɓa madubi.

Shi kansa balon yana da ƙa'ida. Roba ce mai laushi, sai ka murza ta a tafin hannu ta yi ɗumi, in ba haka ba ta fashe tun ba ta yi nisa ba. Ana rataya mata wani ɗan nauyi na tagulla, a yi ta hurawa a hankali har ta tsaya tsakiyar ɗaki, ba ta hawa ba ta sauka. Nan ne ma'auni. In ka cire tagullar, kowane balo zai tashi da sauri iri ɗaya, saboda haka in ka san minti nawa ya yi, ka san inda ya kai. Sama in ta yi garau mu saki fari, in da gajimare nan da can mu saki ja, in ta lulluɓe mu saki baƙi.

Madubin kuwa, sai ka kafa ƙafafunsa uku cikin rairayi har ɗigon ruwan da ke cikin gilashinsa ya zauna daidai tsakiya, ka saita shi da arewa. Yana da marfi biyu na murzawa, hannun hagu na ɗaga shi sama da ƙasa, na dama na kai shi gefe. Ka manna ido, a saki balo, ka bi shi. Kowane minti agogo ya yi ƙara, ka faɗi lamba biyu, Mushe ya rubuta a kaye, wato littafinsa. Ni da ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, lambobin Nasara kawai na koya, kuma har yau in kirga da Faransanci ne babu ɗan lakwal ɗin da zai kayar da ni. Wahalar ita ce ba a ɗauke ido. Gumi ya gangaro, ka bar shi. Ƙuda ya sauka kan fatar idonka ya yi zamansa, ka bar shi. Wuya ya ƙage, ka bar shi. In ka ƙifta a lokacin da balon ya juya, shi ke nan, aikin safiya ya tafi, an yi asarar roba da soda. Na ɓatar da goma sha wani abu kafin hannuwana su koyi tafiya tare da ido.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne iska ba ɗaya ba ce. Mu a ƙasa mun san wadda ke kaɗa mana riga, muna zaton ita ce har sama. Ashe hawa-hawa take. Da damina, ta ƙasa tana zuwa daga kudu maso yamma, mai laima, ta ɗauki balo ta yi arewa maso gabas da shi. Can sai ka ga ya tsaya kamar yana tunani, ya juya yamma. Ya shiga ta tsakiya ke nan, wadda ke turo mana hadari daga gabas. In ka iya riƙe shi ya wuce wannan, ka yi ta haƙuri har kusan awa guda, sai ya kai wurin ta uku. Ita wannan ba ta wasa. Da ya taɓa ta sai ta fizge shi, yatsunka su dinga murza marfi da ƙyar suna cim masa.

Mushe Bakari yana kiranta kogin sama, don ya ce tana da faɗi iyaka da gaɓa biyu, a tsakiya ta fi gudu. Da rani takan fito daga yamma ta yi gabas, ta bi ta kan Masar ta wuce, ta kewaye duniya ta dawo. In damina za ta zauna, wannan takan janye arewa, wata ta taso daga gabas, daga bayan Makka, can wajen ƙasar Indiya, ta bi ta kanmu ta faɗa teku. Lambobin da nake faɗa ana buga su a waya zuwa Yamai, daga can zuwa Dakar, a haɗa da na wasu mutane irina da ke duƙe kan madubi a ƙasashen da ban san sunansu ba, sannan a ga inda kogin ya kwanta. Ya ce shi dai abin da shekaru suka nuna masa, shekarar da kogin gabas ya zo da ƙarfi, hadari yakan yi tsawo ya zubar da ruwa sosai. Shekarar da ya yi sanyi ko ya makara, sai a yi ta ganin walƙiya ba a ganin ruwa. Idona na dama da kuke gani ya yi fari, kogin rani ne ya ci shi. Da safe yakan ja balo ya kai shi gabas, cikin idon rana, ni kuwa da taurin kai ba na son saki.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Direban jirgi in ya sauka, kafin ya sha ruwa sai ya nemi kayen Mushe, don in ya hau kogin nan ta inda yake gudu ya isa da wuri, in ya yi gaba da shi mai ya ƙare masa a daji. Fulani sukan tsaya daga nesa da sandunansu a kafaɗa, su aiko a tambaya ko lokacin hawa arewa da shanu ya yi. Wani Buzu ya taɓa tahowa tun daga Azagor da fasasshen balo ja a naɗe cikin rawaninsa, ya ce abu ya faɗo kusa da raƙumarsa, tun ranar ta ƙi ba da nono, yana son ya ga mai shi. Mata kuwa robar suke so, ba abin da ya kai ta ɗaure bakin gora. Mushe yakan ce mini, “Abdu, aiki namu rubutawa ne, ba faɗa ba. In ka faɗa ka yi daidai, Allah ne. In ka faɗa ka yi kuskure, kai ne.” Na riƙe wannan magana shekara huɗu, a ta biyar na karya ta.

Shekarar da ta gabace ta amfani bai yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙasa tun kafin bazara, gidaje da yawa sun ci rabin irinsu. Gonarmu tana kan hanyar Birnin Lalle, kuma tun rasuwar mahaifinmu wana Idi ne mai gida, shi ke cewa a yi ko a bari. Iri biyu muke da shi. Akwai zango, dogon gero da kowa ke shukawa, dami kaɗan. Akwai kuma wani gajeren gero mai ƙananan ƙwaya da Inna, mahaifiyarmu, ta taho da shi a ƙullin zane lokacin da iyayenmu suka gangaro daga arewa. Ba ya cika rumbu kamar zango, shi ya sa maƙwabta suka yi sakaci da nasu har ya ɓace, amma yana nuna da wuri. Abin da ya rage na irinsa a duk yankinmu yana cikin randa guda a ɗakin Inna, an binne rabinta a ƙasa, an gauraya irin da toka, an liƙe baki da laka. In wannan ya tafi, ya tafi ke nan.

Ruwan fari ya zo da wuri shekarar nan, da la'asar, ruwa mai kyau wanda ya jiƙa ƙasa har ya wuce tsawon hannu. Gari ya ɗauki murna, ko'ina ana gyaran sungumi. Ni kuwa ban yi murna ba, don kwana da kwanaki ina ganin abin da balo ke yi. Minti biyu kacal yake bin iskar laima ya juya, wato ba ta da kauri ko kaɗan, kuma can sama kogin rani bai ko motsa ba. Mushe ya dubi gwangwanin auna ruwa ya ce, “Wannan ruwa baƙo ne, hanya ya ɓata.” Na ce zan gaya wa gidanmu. Ya ce in tuna abin da ya gaya mini. Na ce na tuna, na kama hanya.

Na iske Yaya Idi yana ɗaure ƙotar sungumi. Na gaishe shi na ce, “Yaya, a shuka zango in an ga dama, amma a bar na randa tukuna. Ruwan ga ba na zama ba ne.”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Wa ya hwaɗa maka? Robar Nasara?”

“Iskar damana ba ta yi kauri ba, Yaya. Na gani.”

“Ni ƙasa na gani, ta jiƙa. Tun kakanni in anka yi ruwa shuka akai. In damana ta zamna mu munka makara, da balo za ka ciyar da gidan ga?”

Maganarsa gaskiya ce. A ƙasarmu damina gajera ce, wanda ya makara da shuka shi ma ya yi asara. Inna tana bakin ɗakinta tana jinmu.

Washegari da sassafe, kowa yana gona ana shukar zango, ina ɗaure bakin balo sai ga Inna ta hawo tudu da sandarta. Ba ta taɓa taka bariki ba. Mushe Bakari ya rasa inda zai sa kansa, ya kawo mata kujera, ta ƙi. Ta ce, “Abdu, gwada mini abin da kake gani.” Na saki balo, na kama shi a madubi, na matsa gefe hannuwana na kan marfi, ta manna idonta. Ta ce ba ta ga komi ba. Can ta ce, “Af, ga shi, kamar ƙwan tsaka.” Agogo ya yi ƙara sau biyu, ta ce ya tsaya, ta ce ya juya. Ta ɗago, ta bar madubin, ta kare ido da hannu ta daɗe tana duban wani siririn farin gajimare can ƙololuwar sama, irin wanda ba ya kawo ko inuwa. Ta ce, “Gabas shikai.” Na ce gabas yake yi. Ta ce mahaifinta, wanda ya yi rayuwarsa yana jan raƙuma zuwa ɗaukar gishiri, ba ya yarda da ruwan tabki muddin wannan farin yana tafiya gabas. Ta dubi Mushe ta ce, “Ashe abin da tsohona ka gani da ido shi kuke nema da ƙarhe.” Ta ɗauki sandarta ta sauka tudu.

Kwana na biyu na shuka shi ne na gajeren gero. Yaya Idi ya shiga ɗakin Inna zai fasa bakin randa, ya tarar ta shimfiɗa buzu a kai ta zauna, carbi a hannu. Shi ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, Babba take ce masa.

Ya ce, “Inna, ki ɗan tashi in ɗebi iri, ƙasa na shan iska.”

Ta ce, “Gwiwata na ciwo, Babba. Nan na samu wurin zama.”

“In kawo miki kujera.”

“Kujera ba ta yi mini daidai.”

Ya tsaya, ya tsaya. Mutum ne mai ƙarfi, yana ɗaga buhu da hannu guda, amma wa zai ɗaga uwarsa daga inda ta zauna? Ya fito ya wuce ni a tsakar gida kamar bai ga mutum ba. Daga ranar ya daina amsa gaisuwata.

Makon farko na sha kunya. Zango ya tsiro ko'ina kore shar, sai ɓangaren gonarmu da aka bar wa gajeren gero yana nan fili fetal, duk mai wucewa hanyar Birnin Lalle yana gani. A kasuwa ana tambayata ko robata ta ba da izini a sha fura yau. Mako na biyu dariya ta ragu, ganye ya fara naɗewa da hantsi. Mako na uku shuka ta kwanta ta bushe, iska na kwasarta. Sai magana ta juya, aka ce balonmu ne ke huda hadari yana watsewa. Limamin unguwarmu, Malam Haruna, ya hawo tudu da kansa ya ce, “Abdu, an ce kai ka san ranar ruwa. Wanga ba ƙaramar magana ba ce.” Na durƙusa na ce, “Allah gafarta Malam, ban san ranar ruwa ba, Mai shi kaɗai ya sani. Hanyar da yakan biyo nike dubawa, in ga ko an buɗe.” Ya ce to in zo roƙon ruwa ran Juma'a kowa ya gan ni. Na je, kuma ban yi zaton akwai wanda ya kai ni roƙo a filin nan ba.

Duk kwanakin nan Inna tana kan randa. A nan take cin abinci, a gefenta take salla, ba ta fita sai ta tabbata Yaya Idi ya bar gida. Kullum in na sauko daga aiki tambaya guda take yi mini, da kalmar da ta koya a tudu: “Minti nawa?” In ce biyu. In ce uku. In ce yau ya koma biyu. Ranar da ta fi mini wuya ita ce da aka yi wani ɗan yayyafi, waɗanda ke da sauran zango suka fita suka sake shukawa. Yaya Idi ya tsaya ƙofar ɗakinta ya ce, ba da ni yake ba amma don in ji, “Inna, kwana na tahiya. Ko yau ba a tashi?” Ta dube ni. Na ce huɗu ne, kuma na sama bai juya ba. Ina faɗa ina sane da cewa in na yi kuskure ba ni kaɗai zan ji yunwa ba, har da ƴaƴansa. Ta gyara zama ta ci gaba da jan carbi.

Safiyar da nake son ku ji, sama ta wayi gari garau, ko alamar gajimare babu. Na saki fari. Minti biyu ya wuce yana arewa maso gabas, huɗu, shida. Muryar Mushe ta canja yana maimaita lambobi. Sai a na tara ya tsaya ya juya yamma. Na bi shi cikin iskar tsakiya, ya yi nisa, ya ƙanƙance har ya zama ɗan ɗigo da ke ɓacewa yana dawowa. A minti na arba'in Mushe ya ce ya isa, abin da Yamai ke so mun samu. Na ce a'a. Wani ƙuda ya sauka gefen idona ya yi ta yawo, ruwa na zuba daga idon, wuyana kamar an sa masa itace. Hamsin ya wuce. Ban san lokacin da na daina jin ƙafafuna ba. Can sai ɗigon nan ya zabura, ba gabas ba, yamma, yamma sosai, har marfin dama na neman kuɓuce mini. Na yi ta faɗin lambobi ina haki har ya fashe a idona. Awa guda da minti shida, ba a taɓa riƙe balo haka a tudun nan ba, kafina ko bayana. Mushe Bakari ya rufe kaye ya ce, “Tafi. Ni zan wanke tukunya.”

Na shiga gida da gudu, ni da ke da mata da ɗa. Inna ta ce, “Minti nawa?” Na ce, “Tara, Inna. Kuma kogin ya juya.” Ta ajiye carbi, ta miƙa hannu wajen ƙofa ta ce, “Babba, zo ka tashe ni.” Ya zo ya kama hannunta ya ɗaga ta. Kwana ashirin da shida ta yi a kan randar nan, gwiwar da ta yi ƙarya da ita ta kama ciwo da gaske.

Binne muka yi, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, don ba mu da sauran kwanan da za mu ɓata. Yaya Idi na gaba yana sara da sungumi, muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige, rairayi na ƙona tafin ƙafa, rana tsaka, mutane sun tsaya bakin hanya suna kallon gidan da ya ƙi shuka a jiƙe ya zo yana shuka a bushe. Binne ma caca ce, in ruwa ya jinkirta tururuwa da ɓeraye su kwashe. Kwana ɗaya ba komi. Kwana biyu ba komi. Na uku na kasa cin tuwo. Ran na huɗu da azahar gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har inda ido ke kaiwa, hadari mai tsawo irin wanda Mushe ke faɗa, kuma da ya fara zuba bai tsaya ba sai da kwari ya cika.

Kada ku ce daga nan aka yi ta shagali. Shekarar ba ta yi kyau ba. Damina ta zo a makare ta ɗauke da wuri, zangon da aka sake shukawa ya yi kai bai cika ido ba, mutane da yawa sun tafi cin rani tun kafin kaka. Kada kuma ku ce ban taɓa kuskure ba. Bayan shekara biyu na ce wa wani Bafillace ya hau arewa, ya je ya tarar tabki a bushe, har ya mutu ba ya gaishe ni. Amma a waccan shekarar gajeren geron Inna ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Ba mu ƙoshi ba, mun dai kai. Kafin a kai dami ko ɗaya rumbu, ta sa aka zaɓi kawuna masu kyau aka bi gida-gida da su, har wajen garin Ɗan Gulbi, ta ce kowa ya ajiye iri kada ya kuskura ya daka. Shi ne geron da kuke kira ɗan randa, wanda kuka sha furarsa yau da rana ba ku taɓa tambayar wace randa ba. Ni na ba da ido, ita ta samu suna, kuma ban ga laifin wannan rabo ba.

Bayan an gama girbi, wata safiya ina saita madubi sai na ga mutum tsaye a bayana. Yaya Idi ne, karo na farko da ya hau tudun nan. Tun ranar randa magana ba ta haɗa mu ba sai ta dole. Ya ce, “Gwada mini.” Na saki balo, na bar shi ya yi nisa, na matsa masa. Ya duƙa da wannan ƙaton jiki nasa, ya rufe ido guda, ya daɗe.

Ya ce, “Ni ban ga komi ba.”

Na ce, “Shina nan, Yaya, tsakiya.”

Ya sake dubawa, ya ɗago yana murza ido. Ya dubi sama, ya dubi farin tabon da ke hannuna, ya dubi idona na dama da ya fara dushewa. Ya ce, “Kullum haka kake yi?” Na ce kullum. Ya ɗauki sandarsa ya fara sauka, sai ya tsaya bai juyo ba ya ce, “Baɗi, kahin in taɓa sungumi, ka zo ka hwaɗa mini minti nawa.”

Shekara goma sha tara ya yi bayan haka, kuma bai sake fita shuka ba sai ya aiko an tambaye ni.